Yadda za ka tayar da tsohuwar Pijo 504 ta zama motar zuwa aiki

Motar ta yi shekara tara a bayan gidanmu na Tawa, ƙarƙashin dogon yaro, tun ranar da Allah ya yi wa yayan mahaifina rasuwa. Pijo 504 ce fara, irin wadda tsofaffinmu ke ce wa sansankat. Kaji sun mai da kujerar baya akurki, awaki kuma saman kapo ne wurin shan hantsinsu. Da na ce zan tayar da ita in riƙa zuwa aiki da ita a Yamai, ƙannena dariya suka yi, wani ya ce in sayar wa masu awon ƙarfe in cika kuɗi in sayi babur.

Ban san komai game da inji ba a lokacin, shi ya sa na fara da abin da ido ke gani. Na sa aka tayar da ita, na kai ta wurin mai fenti, na sake rigunan kujeru, na sa rediyo. Mako uku bayan nan, wata azahar ta watan Afrilu, ina cikin cunkoson gadar Kennedy sai tururi ya taso daga gaba, na taka birki ƙafata ta zarce har ƙasa. Birkin hannu ne ya raba ni da ɗan kabu-kabun da ke gabana. Dattijon makaniken da aka kai ni wurinsa ya zagaya motar sau biyu, ya shafa sabon fentin, ya ce, "Ɗana, ka ɗinka wa majinyaci babbar riga ba ka kai shi likita ba." Na ce, "Baba, to daga ina ake farawa?" Ya ce da farko ta iya tsayawa, sannan ta iya jure zafi, sannan ta riƙa tashi kowace safiya ba da turi ba. Jerin da ya ba ni ke nan, kuma shi zan bi a nan.

Ga sabon shiga, 504 makaranta ce mai sauƙi. Ta fito a Faransa a 1968, ta ci motar shekara ta Turai a 1969, kuma bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, masana'antar Pijo ta Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Saboda haka har gobe kayanta na shigowa ta Birnin Ƙonni da Maraɗi, kuma babu garin da za ka rasa dattijon da ya san ta ciki da bai. Injinta silinda huɗu ne, yana kishingiɗe a karkace, babu kwamfuta ko ɗaya, komai kana iya gani ka kai hannu. Yawancin abin da zan faɗa ya hau kan yayarta 404, wadda ta fito a 1960, har da bashe ɗin da ke ɗaukar mutane da tumaki ranar kasuwa.

Takarda kafin sifana

In motar ta gado ce, zauna da magada a yi magana a gaban dattawa, a yi mata kuɗi, a rubuta. Motar da kaji ke kwana ciki babu mai kula da ita, amma ranar da ta fito tana ƙyalli kowa zai tuna yana da rabo. Sannan nemo kart giris, wato takardar rajistar motar, ka gwada lambar shasin da ke jikinsa da wadda aka buga a jikin motar, harafi bayan harafi. In ba su zo ɗaya ba, ko babu shaidar an biya duwan, tsaya nan tukuna. Canjin suna, asuransi wato inshora, binyet wato harajin mota, da bizit teknik wato gwajin lafiyar mota, duk a kan wannan takarda suke rataye, kuma motar da ba za ta wuce shingen jandarma ba ba motar kullum ba ce.

Daga nan ka ɗauki sukundireba da tocila ka shiga ƙarƙashi. Tsokani daɓen ƙafa, gefen da ke ƙarƙashin ƙofofi, wuraren da ake sa jak, ƙarƙashin batir, da saman inda amortisa na gaba suke ɗaure. Mu a nan mun yi sa'a, busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe sosai. Motar da ta zauna Kwatano ko Lome ita ce tsatsa ke cinyewa. Abin da rana ke kashe mana roba ce, don haka ka ɗauka duk wata roba da ke jikin motar ta mutu sai ka tabbatar da akasin haka. Ramin daɓe mai walda zai toshe. Amma in inda ƙafafu suke riƙe ne ya ruɓe, gara ka mai da ita ta cire-cire ka nemi wani jiki.

Kada ka murɗa makulli

Kuskuren da aka yi mini a Tawa ke nan: aka aro batir, aka ɗura mai a kafireto, aka yi ta murɗawa har ta yi tari ta tashi, yara na tafi. Injin da ya yi shekaru a tsaye babu ɗigon mai a jikin silindarsa, zoben fistin na iya manne, kuma abin da ke cikin tanki ya zama wani jan ƙaro mai wari.

Ga yadda ya kamata. Cire buji huɗun, wato fulogi, ka zuba cokali ɗaya na baƙin mai a kowane rami, ka bar shi kwana biyu. Sa sifana a kan goron fulin gaba ka juya injin da hannu, a hankali, zagaye biyu cikakku. In ya cije kada ka yi masa ƙarfi, ƙara mai ka ƙara jira. Zubar da tsohon baƙin mai, sa sabon filta da mai 20W50, wanda ya dace da tsohon inji a zafinmu, wajen lita 4 take sha. Bujin na waje, juya da sitata har fitilar mai ta mutu a dashbod. Sai ka mai da buji, ka ba ta fetur daga galan mai tsabta, ba daga tankinta ba.

In ta tashi ta ɗumama, nemi a auna maka matsin kowace silinda. Ba girman lambar ne abin dubawa ba sosai, a'a, huɗun su zo kusa da juna, kada bambancin ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. In sun zo haka, ka bar cikin injin ya sarara, ko da wani ya ce maka sai an sauke shi. Ka kuma riƙe wannan, domin ya kashe injuna da yawa: silindar Pijo ɗin nan zurawa ake yi cikin bulo, wato gangar jikin inji, ruwa na zagaya ta kai tsaye, da abin toshe ruwa a gindinta. Duk ranar da aka ɗaga kan inji, kada a kuskura a juya shi sai an danne silindar da ƙarfe da noti. In ta ɗaga ko kaɗan, ruwa zai riƙa sauka cikin baƙin mai, ka ga ya koma kamar kunun gyaɗa. Makaniken da bai san wannan ba, ba makaniken Pijo ba ne.

Ta iya tsayawa

A birki ba a yin tsimi. Sake duk bututun roba da ke zuwa ƙafafu, ko da kana ganinsu lafiya, domin daga ciki suke kumbura: mai ya je ya kasa dawowa, birki ya riƙe, taya ta yi zafi. A kwance babban famfon birki a sa masa sabbin robobi, in cikinsa ya yi ƙuraje a sake shi gaba ɗaya. Salun da yawa faifai ne da su a ƙafa huɗu, amma fik-of da doguwar ta iyali ganga ce a baya, to a buɗe kowace ƙafa a ga fistin na motsi. Bi bututun ƙarfen da ido tun daga gaba har baya. A tawa mun tarar wani ya taɓa murƙushe bututun ƙafar baya ta dama da filaya don ya tsai da yoyo, wato da ƙafa uku take tsayawa tun yayan mahaifina yana da rai.

Man birki DOT 4 za ka zuba, daga sabuwar kwalba a rufe. Yana shan laima daga iska, kuma man da ya sha ruwa tafasa yake yi in birki ya yi zafi, abin da ya kai ƙafata ƙasa ke nan a kan gada. Shi ya sa ake sake shi duk shekara biyu. Kada ka yarda da ruwan sabulu, kada ka yarda da koren man nan na tsofaffin Citroën, yana cinye robobin. Wajen fitar da iska ku zama biyu, ɗaya na takawa ɗaya na sassauta noti, a fara da ƙafar da ta fi nisa da famfo.

Taya kuma, a gefenta bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2317, an yi ta a mako na 23 na 2017. Taya mai zane raɗau amma ta haura shekara shida ko bakwai, kyan ɗan maciji ce a kwaltar watan Mayu. Ɗaga gaban motar da jak, tokare ta da ƙarfe ko kututture, ba jak kaɗai ba, ka girgiza kowace taya sama da ƙasa, hagu da dama. Inda ka ji ƙwas-ƙwas, ko rotil ne, wato mahaɗin ƙafa, ko boris ɗin da taya ke juyawa a kai, a sake.

Zafi

Nan ne zan daɗe, don nan ne tsohuwar mota ke cin amanar mai ita a Yamai. A hanyar Doso iska na sanyaya ta. A cikin gari, tsakanin Katako da babbar kasuwa da ƙarfe ɗaya na rana, zafi ya haura digiri 40, kana tafiya taku-taku, babu iskar da ke ratsa lagireto sai wadda fanka ta jawo.

Sauke lagireton, wanda makanikanmu ke ce wa radiyata, ka kai wa masu gyaransa su cire kansa su tsokane bututun ɗaya bayan ɗaya. Tsaya ka gani da idonka. Nawa da aka buɗe, kusan rabin bututun a toshe suke da farin dutse, aikin ruwan rijiya na shekara da shekaru. In saƙarsa ta ruɓe, sa a yi maka sabuwa mai layi uku, ita ce gyara mafi amfani da na yi wa motar nan. Kafin ka mayar, sa tiyo ka wanke cikin bulo har ruwa ya fito fari. Sake duk bututun ruwa, da bel ɗin fanka, da murfin lagireto. Mutane na raina murfin nan, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri. Girgiza fulin famfon ruwa, in yana rawa ko akwai alamar ɗigo a ƙarƙashinsa, kwanansa ya ƙare.

Fankar 504 ta asali tana da wata dabara: ba kullum take kamawa ba, sai ruwa ya yi zafi wani maɓalli ya tura wuta, maganaɗisu ya kama ta. Da gawayin da ke kai wutar ya cinye, sai ka ga fanka na juyawa a banza ba ta jan iska. Yawancin makanikai ɗaure ta suke yi dindindin, kuma a ƙasarmu ban ga laifin haka ba, illa ƙara da ɗan shan mai. Ni na ɗaure tawa, na kuma ƙara fankar lantarki a gaban lagireto, da rile da fiyus nata, da maɓalli a dashbod don ranar cunkoso.

Inda na saɓa da Baba makanike shi ne tamostat, abin da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya ɗumama. Shi cewa yake, "A ƙasar nan? Jefar da shi." Ni ina ganin a sa sabo mai buɗewa da wuri. In babu shi, a safiyar hunturu injin zai daɗe bai ɗumama ba, yana shan mai yana cin jikinsa, kuma in lagireto na da tsabta ba tamostat ke sa zafi ba. Gwada shi ma abu ne mai sauƙi: jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, za ka ga ya buɗe baki kafin ruwan ya tafasa. Mun yi wannan gwaji a garejinsa da tukunyar shayin yaransa, ya kalla, ya ce, "To, motarka ce."

Ruwan da za ka zuba ya zama ruwan sanyaya inji na galan, ko ka haɗa shi da tataccen ruwa irin na batir. Kan injin alminiyom ne, bulo kuma baƙin ƙarfe, ruwan famfo zalla cin su yake yi. A ƙarshe tabbatar agogon zafi na dashbod yana aiki, in ba ka yarda da shi ba ka ƙara wani.

Mai da ƙura

A sauke tanki a wanke, a sake duk bututun fetur na roba da wanda aka yi don fetur, ba tiyon ruwa ba. Fashewar irin wannan bututu kusa da salansa shi ke ƙona tsofaffin motoci. Sa ƙaramin filta mai haske kafin famfon mai yadda za ka riƙa ganin datti. In kana shan mai wurin ƴan ruwa-ruwa, ajiye biyu a mota, don kwalba da mazurari ba sa rabuwa da yashi. Kafireto, galibi Solex, a kwance shi a wanke a hura da iska, a sa sabbin gasket da allura. Kada a tsokani ƙananan ramukansa da waya, faɗaɗa su take yi, motar ta koma shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya.

In motarka na da matatar iska mai wankan mai, wato mai ɗan kwano da ake zuba baƙin mai ciki, kada ka bari a yaudare ka da ƙaramar nan mai ƙyalli ta samari. Don ƙura aka yi ta. A hunturu ka riƙa buɗe ta duk wata, za ka tarar da laka a gindin kwanon, wadda da cikin injinka za ta shiga.

Wuta

Yawancin ƙin tashi da safe daga nan yake. A cikin delko, mai rarraba wuta ga buji, akwai wasu ƴan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, tazararsu milimita 0.4, suna ƙonewa suna gocewa, sai an riƙa daidaita su. Akwai ƙaramar na'urar lantarki da ake sawa a madadinsu, wayoyi biyu ne kawai, kuma tun da na sa ban sake taɓa delko ba. Ka dai tabbatar ta dace da bobin ɗinka, wato abin da ke ƙara ƙarfin wutar buji, a daidaita lokacin wuta da fitilar aunawa ba da kunne ba, ka kuma naɗe tsofaffin ƙarafan da kwandansa cikin tsumma ka ajiye a aljihun mota. Na'urar in ta mutu a ƙauye babu mai gyara ta, su kuwa kowane makanike ya san su. Sa sabbin buji da wayoyinsu. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, amma a Pijo silinda ta ɗaya ita ce ta wajen gilashi, ba ta wajen lagireto ba. Cire wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ko ka ɗauki hoto da salula kafin ka taɓa.

Sayi ƙaramar mitar auna wuta, ba ta da tsada. Lafiyayyen batir a kashe yana nuna wajen volt 12.6, in inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka, oltaneta mai cajin batir ko regileta mai daidaita cajin ne. Kankare duk inda wayar as, wadda ke mayar da wuta batir, ta kama jikin mota har ƙarfe ya yi fari, ka ƙara wata mai kauri daga inji zuwa jiki. Fitilun gaba kuma kafin ka sayi masu makantar da jama'a, sa musu rile biyu su riƙa shan wuta kai tsaye daga batir ta fiyus. Da ƙwan H4 na yau da kullum za ka ga bambanci, domin rabin hasken a tsofaffin wayoyi da maɓalli yake ɓacewa. Duk fiyus ɗin da aka maye da waya ko takardar sigari, fitar da shi yau.

Sauran ƙari na zamani ba su da wuya: bel na kujera mai kyau a ɗaure a ƙarfe mai ƙwari, madubi a hannun dama, fitilar birki ta uku a gilashin baya saboda ƴan kabu-kabu, wurin cajin salula da fiyus nasa, makatsin batir, da tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai ba cikin but ba.

Za ka sha shawarwari biyu. Na farko, a sa mata injin Toyota. Ana yi, yana kuma tafiya, amma sai an yanke an yi walda, sai an gyara takardu, kuma ka rabu da sauƙin da ya sa ka iya gyara ta da hannunka. In matsin silinda ya yi kyau ban ga dalili ba. Na biyu, na'urar sanyaya ciki. Kada ka sa sai motar ta ƙetare bazara guda ba ta tafasa ba, don nauyi ne a kan inji da lagireto. Mai 404 ta farko-farko kuma ya yi hattara da pon, wato gidan haƙoran tayoyin baya: na wasu tagulla ne, mai na musamman yake sha. Littafin Revue Technique na motarka zai nuna maka irin man da kowane wuri ke so, ka neme shi ko da kwafi ne.

Game da kuɗi, sayi kaya da kanka, tare da makaniken in ya yarda ya raka ka, kuma a ba ka tsohon da aka cire. Biya aiki-aiki, kada ka zube jakunkuna gaba ɗaya a ce ka dawo bayan salla. Buɗe ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, kilomita da abin da aka sake. Baƙin mai a ƙurarmu kada ya wuce kilomita 5000.

Gwaji

Mako na farko cikin unguwa, da sassafe, kana dawowa kana shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ka ga me ya ɗiga kafin gari ya waye. Mako na biyu shiga cunkoson azahar da gangan, idonka a kan agogon zafi. In ta tafasa, kashe ta, buɗe kapo, kada ka taɓa murfin lagireto sai ta huce, kada kuma ka kwara mata ruwan sanyi, kan inji na iya lanƙwashewa. Daga nan ka je Doso, wajen kilomita 140, ka tsaya a hanya ka kai bayan hannu kusa da kowane wili, wanda ya fi sauran zafi birkinsa na riƙewa. Da ka dawo a sake bin duk notin ƙafafu a ɗaure.

A but ɗina kullum akwai bel ɗin fanka, bututun ruwa na sama da na ƙasa, famfon fetur, bobin, buji huɗu, fiyus, waya, igiyar ja, jarkar ruwa mai lita 10 da safaya mai iska. Da su na kama hanyar Tawa bayan wata bakwai, fiye da kilomita 500 ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, na tashi bayan asuba, ban wuce 90 ba. Abin da ya lalace a hanya makamin ɗaga gilashin direba ne kaɗai, na tokare shi da guntun kara. Da na shiga gida, Inna ta fito ta daɗe tana kallon motar, sannan ta ce in matsar da ita daga ƙarƙashin dogon yaron, kajin sun fara taruwa.